Me Ya Sa Maleriya Ke Dawowa Duk Damina? Yadda Garkuwar Jiki Ke Fafatawa da Ƙwayar Cutar

Duk wanda ya taɓa yin ƙyanda yana yaro, da wuya ya sake yin ta har ƙarshen rayuwarsa. Jiki ya ga cutar sau ɗaya, ya riƙe kamanninta, shi ke nan. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, wato maleriya, mutum zai yi shi bana, ya sha magani ya warke, baɗi ruwa na sauka ya sake kwanciya. Kuma a gida ɗaya, sauro iri ɗaya zai ciji babban yaya da ƙaninsa ɗan shekara biyu, yayan ya yi kwana uku yana ciwon kai ya miƙe, ƙanin kuwa sai an garzaya da shi asibiti ana neman jinin da za a ƙara masa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2023 an kamu da maleriya sau miliyan 263 a duniya, kuma mutum kusan 597,000 suka rasu. Kusan kashi 31 cikin 100 na waɗannan mace-mace a Najeriya suka faru, kusan kashi 6 kuma a Nijar, kuma mafi yawan mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Amsar tambayoyin nan biyu, ta dawowar cutar da ta bambancin babba da yaro, tana cikin yadda ƙwayoyin garkuwar jiki ke fafatawa da ƙwayar maleriya.

Wace irin halitta ce ƙwayar maleriya?

Abubuwan da ake kira "ƙwayoyin cuta" a dunƙule kala-kala ne. Akwai bairos, kamar na ƙyanda da korona. Akwai bakteriya, kamar ta taifot da kwalara. Sai kuma farasayit, wato halittar da ke zama a jikin wata tana ci daga gare ta, irin abin da Bahaushe ke kira ci-ma-zaune. Ƙwayar maleriya farasayit ce mai sel ɗaya tak, kuma sel shi ne mafi ƙanƙantar tubalin da aka gina jikin mai rai da shi. Sunanta a kimiyyance Plasmodium. Iri biyar ne aka fi sani suna kama ɗan Adam, amma wadda ta fi kisa, kuma ta fi yawa a Afirka ta Yamma, ita ce Plasmodium falciparum.

Wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, shi ya fara ganin ta a jinin majiyyaci a ƙasar Aljeriya a 1880. A 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya.

Duk da sel ɗaya ce, tana da kayan aiki da yawa. Bairos ɗin ƙyanda ƙwayoyin gado shida kawai gare shi. Da aka kammala karanta kundin gadon falciparum a 2002, an samu ƙwayoyin gado sama da 5,000. In bairos ƙaramar manhaja ce mai aiki ɗaya, to wannan cikakkiyar waya ce da tsarinta da manhajojinta. Ga shi kuma tana sauya siffa a kowane zango na rayuwarta: siffar da take shiga fata da ita daban, ta hanta daban, ta cikin jini daban.

Zango na farko: daga fata zuwa hanta

Macen sauro nau'in Anofilis ce ke cizo, domin tana buƙatar jini ta yi ƙwai. Lokacin da take laluben jijiya, takan tofa yawu a cikin fata, kuma a cikin yawun ne ƙwayoyin ke shigowa, siraran abubuwa masu kama da zare da ake kira sporozoyit. Ba su da yawa, daga 'yan gomomi zuwa ɗaruruwa kaɗan.

Masu bincike a Cibiyar Pasteur da ke Faransa sun ɗauki bidiyon wannan mataki a 2006. Sun yi amfani da ƙwayoyin da aka sa wa furotin mai ƙyalli kore, suka kalle su da na'urar hangen ƙananan halittu a fatar ɓera mai rai. An ga suna sulalawa tsakanin sel-sel na fata. Wasu suna maƙalewa a nan, wasu suna bin magudanar da ke kaiwa ga kaluluwa, inda ƙwayoyin garkuwa ke lalata yawancinsu, wasu kuma suna samun jijiyar jini su faɗa ciki.

Masu gadin farko a fata da jini su ne fararen ƙwayoyin jini irin su nutrofil da makrofaj. Aikin makrofaj haɗiye duk wani baƙon abu da narkar da shi. Matsalar ita ce sporozoyit ba ya tsayawa. Da ya shiga jini, cikin ɗan lokaci ya isa hanta, ya ratsa ta jikin masu gadin hantar, ya shige cikin sel ɗaya na hanta ya lulluɓe kansa da wata 'yar jaka.

A nan zai yi kamar mako guda yana hayayyafa, kuma mutum ba ya jin komai. Ƙwaya ɗaya takan zama dubun-dubatar sababbin ƙwayoyi masu suna merozoyit. Jiki yana da dakarun da za su iya maganin wannan, wato ƙwayoyin T masu kisa, waɗanda ke gane sel ɗin da baƙo ya shiga su kashe shi. Sai dai a cikin biliyoyin sel na hanta, 'yan ƙalilan ne suka kamu, kuma mako guda ya yi kaɗan a horar da dakaru a tura su. Ko lokacin fita ma, merozoyit kan fito ne a ƙunshe cikin fatar sel ɗin hantar, ta yadda masu gadi za su ɗauka kayan gida ne.

Zango na biyu: maɓoya a cikin jini

Da merozoyit ya shiga jini, sai ya nemi jar ƙwayar jini, wadda ke ɗaukar iskar oksijin, ya shige cikinta a ƙasa da minti ɗaya. Wannan 'yar tazara ce kaɗai yake fili.

Zaɓen jar ƙwayar jini ya yi wa farasayit ɗin daidai. Kusan kowane sel na jiki yana da wani ɗan allo a bayansa da yake nuna samfurin abin da ke cikinsa, kamar yadda waya ke nuna manhajojin da ke aiki a ɓoye. Wannan allon ƙwayoyin T masu kisa ke dubawa. Jar ƙwayar jini da ta balaga ba ta da shi, don haka ba ta da hanyar kai ƙara.

A ciki, farasayit ɗin yana cin himogulobin, furotin ɗin da ke sa jini ja. Bayan kimanin awa 48 ya zama sababbi 16 zuwa 30, sai jar ƙwayar ta fashe su bazu, kowanne ya nemi wata. Ko da goma ne kawai cikinsu suka yi nasara a kowane zagaye, cikin kwana goma ƙwaya ɗaya ta zama dubu ɗari. Shi ya sa alamun cutar kan bayyana kwana 10 zuwa 15 bayan cizon, lokacin da mutum ya daɗe da mantawa da sauron.

Daga ina zazzaɓin ke fitowa?

Idan jajayen ƙwayoyin suka fashe, tarkace na zubowa cikin jini, har da wani baƙin gari mai suna himozoyin, ragowar himogulobin ɗin da farasayit ya ci. Makrofaj da 'yan uwansa suna haɗiye tarkacen, sai su saki wasu sinadaran aika saƙo da ake kira saitokin. Wasu daga cikin saƙonnin suna isa ƙwaƙwalwa su sa ta ɗaga ma'aunin zafin jiki. Rawar ɗari, zafin jiki, ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, yawancinsu aikin waɗannan saƙonni ne. Wato abin da mutum ke ji a jikinsa ƙararrawar garkuwarsa ce. Zafin yana da amfani, domin farasayit ba ya girma da kyau idan jiki ya kai digiri 40.

Wani saƙo mai muhimmanci shi ne intaferon-gama, wanda ƙwayoyin NK da wasu ƙwayoyin T ke fitarwa. Shi ke zaburar da makrofaj ya ƙara ƙaimi wajen haɗiya da kisa.

Amma wuta ba ta san gidan mai ita ba. Idan saƙonnin suka yi yawa, bangon jijiyoyi yana kumbura, ɓargo yana rage ƙera sabon jini, kuma ana lalata jajayen ƙwayoyi masu lafiya da yawa tare da masu cutar. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa yaro ya yi fari fat cikin 'yan kwanaki. Jiki yana da birki, wasu saitokin da ke kwantar da kumburi, amma iya daidaita totur da birki abu ne da garkuwa ke koya a hankali.

Saifa, da dabarar kauce mata

Saifa, wadda ke gefen hagu a ƙarƙashin haƙarƙari, ita ce matatar jini. Jajayen ƙwayoyi sai sun lanƙwashe sun matse ta wasu ƙananan tsaguna kafin su wuce. Wadda farasayit ya girma a cikinta takan yi tauri, ta kasa wucewa, makrofaj ya cinye ta. Yawan wannan aiki ne ke sa saifar yara ta kumbura a yankunan da maleriya ta yi katutu.

Falciparum ta samo hanyar kauce wa wannan shinge. Tana ƙera wani furotin mai danƙo mai suna PfEMP1, ta tura shi bayan jar ƙwayar da take ciki. Da shi ƙwayar ke mannewa a bangon ƙananan jijiyoyi, ba ta bin jini balle ta isa saifa. Idan mannewar ta taru a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sai a samu maleriyar da ke sa yaro jijjiga da suma.

Wannan furotin yana waje, don haka garkuwa na iya ganin sa. A nan ne ɓangare na biyu na garkuwar ke shigowa, wato mai koyo da tunawa. Wasu ƙwayoyi masu suna dendiritik suna kwasar gutsattsarin farasayit su nuna wa ƙwayoyin T masu taimako, su kuma su ba ƙwayoyin B umarnin ƙera antibodi. Antibodi ƙaramin furotin ne da aka yanka daidai da siffar abu ɗaya, kamar makulli da kwaɗonsa. Yana iya toshe merozoyit kafin ya shiga jar ƙwaya, ya hana mannewa a jijiya, ko ya yi wa ƙwayar alama don makrofaj ya same ta. Aikin kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

An tabbatar da ƙarfin antibodi tun 1961 a Gambiya, inda masu bincike suka tace shi daga jinin manya da suka daɗe suna fama da maleriya, suka yi wa yara marasa lafiya allurarsa, yawan farasayit a jinin yaran ya faɗi sosai.

Ɗan damfara mai layi sittin

To in antibodi na aiki haka, me ya hana a gama da cutar sau ɗaya?

Duk mai waya ya san ɗan damfarar da ake toshe lambarsa yau, gobe ya kira da wani layi. Falciparum tana da ƙwayoyin gado kusan 60 da ke ƙera PfEMP1, kowanne da siffarsa, kuma ɗaya take kunnawa a lokaci guda. Kafin jiki ya gama ƙera antibodi na siffa ta farko, wasu tsiraru sun riga sun koma ta biyu. Waɗancan su mutu, waɗannan su yaɗu. Ƙari a kan haka, layuka sittin na farasayit ɗin da sauron yau ya kawo sun bambanta da na wanda sauron jibi zai kawo, domin suna cakuɗa ƙwayoyin gadonsu a cikin sauro.

Saboda haka garkuwar maleriya tana taruwa ne kamar jerin lambobin da Truecaller ke tarawa: sai an sha kira da yawa kafin jerin ya yi kauri. Yaro ɗan shekara biyu jerinsa gajere ne. A watannin farko na haihuwa yana samun ɗan kariya daga antibodin da ya samu a cikin mahaifiyarsa, daga nan su ƙare, ya shiga shekarun da suka fi haɗari. Wanda ya tsallake yakan fara samun kariya daga maleriya mai tsanani, daga baya zazzaɓin ma ya ragu. Babba na iya yawo da farasayit a jininsa ba ya jin komai, kuma sauro na iya ɗauka daga jikinsa ya kai wa yaro.

An ga wannan tsari ƙarara a ƙasar Hausa. Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban bincike a ƙauyukan Garki, a jihar Jigawa ta yanzu. An samu farasayit a jinin mafi yawan ƙananan yara, kuma yawansa na raguwa yayin da shekaru ke ƙaruwa. Da aka yi feshi aka raba magani a wasu ƙauyuka, cutar ta ragu ƙwarai, antibodin mutanen ma ya ragu. Bayan an dakatar da aikin, cutar ta dawo.

Darasin shi ne wannan garkuwa tana buƙatar sabuntawa a kai a kai. Ɗalibin da ya yi shekaru yana karatu a Ingila ko Masar, inda sauro ba ya yaɗa maleriya, kariyarsa ta ragu, kuma zai iya kwanciya sosai idan ya dawo hutu da damina. Mace mai cikin fari ita ma tana cikin haɗari, domin akwai wata siffa ta PfEMP1 da ke mannewa a mabiyiya kaɗai, kuma jikinta bai taɓa haɗuwa da ita ba. A ciki na biyu da na uku kariyar kan ƙaru.

Gado ma yana da tasiri. Masu jini AS, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya, suna da kariya mai ƙarfi daga maleriya mai tsanani, duk da cewa suna kamuwa. Anthony Allison ne ya nuna wannan alaƙa a 1954 a Gabashin Afirka. Masu sikila, wato SS, maleriya na da haɗari sosai a gare su.

'Yan uwanta da dabarunsu

Sauran farasayit masu sel ɗaya kowanne da salonsa. Trypanosoma, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ita ke kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Ba ta ɓuya a cikin sel, a fili take iyo cikin jini, sanye da riga ta furotin iri ɗaya. Tana da ƙwayoyin gado fiye da dubu na sauya rigar, shi ya sa har yau babu rigakafinta. Leishmania, mai kawo cutar kala-azar da ake fama da ita a gabashin Sudan, tana barin makrofaj ya haɗiye ta, sannan ta mayar da cikinsa gida. Sai intaferon-gama ya zaburar da shi yake iya kashe ta. Toxoplasma, wadda ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, takan kwanta shiru a ƙwaƙwalwa da tsoka na tsawon rayuwa, ƙwayoyin T na danne ta. Idan suka yi rauni, kamar a cutar ƙanjamau da ba a shan magani, sai ta farka.

Inda rigakafi ya shigo

Tunda cikin jini akwai layuka sittin, masana sun koma zangon farko, lokacin da ƙwayoyin ba su da yawa. A 1967 Ruth Nussenzweig da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa ɓerayen da aka yi wa allurar sporozoyit da aka raunana sun samu kariya. Daga baya aka gano furotin ɗin da ya lulluɓe sporozoyit, mai suna CSP.

Rigakafi biyu da ake da su yau duk a kansa aka gina su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da RTS,S a watan Oktoba na 2021, bayan gwaji a Ghana, Kenya da Malawi, inda mutuwar yaran da suka isa karɓar allurar ta ragu da kashi 13 cikin 100. Na biyu, R21, wanda Jami'ar Oxford ta ƙirƙira ake sarrafa shi a Indiya, ya samu amincewa a Oktoba na 2023. Kamaru ta sa rigakafin cikin alluran yara na yau da kullum a Janairun 2024, Nijar ta bi a shekarar, Najeriya kuma ta fara a Disamba na 2024 da jihohin Kebbi da Bayelsa.

Allurar tana sa jiki ya tara antibodi da zai tare sporozoyit kafin ya isa hanta. Idan ɗaya ya tsira, zai iya haifar da dubun-dubata, kuma antibodin yana raguwa da lokaci. Shi ya sa ake yin ta sau huɗu, ana farawa daga wata biyar, kuma shi ya sa ba ta maye gurbin gidan sauro.

Abin da ya rage ga mai karatu

Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Ɗan katin gwajin gaggawa da ake ɗiga wa jini shi ma da antibodi yake aiki: an shafa shi a jikin takardar, idan ya kama furotin ɗin farasayit sai layi na biyu ya fito, cikin minti 15 zuwa 20. Gwaji kafin shan magani ya fi a tsaya a kemis a ce a haɗa na zazzaɓi.

Idan gwaji ya nuna maleriya, maganin ACT na kwana uku ne, kuma a shanye shi ko da an ji sauƙi a rana ta biyu, domin ragowar ƙwayoyin suna iya sake ninkuwa. Yaron da ke jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko ya kasa shan nono, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko barci ya rinjaye shi ba ya farkawa da kyau, asibiti za a kai shi nan take, ko da tsakar dare ne. Maganin kariya da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata da damina yana rufe musu watannin da sauro ya fi yawa, mai ciki kuma tana samun nata a wurin awo. Wanda ya dawo daga ƙasar waje bayan shekaru, ya kwana cikin gidan sauro tun daren farko, kuma ya yi gwaji da zarar jikinsa ya yi zafi.

Babban da ke cewa maleriya ba ta kayar da shi, jikinsa ya tara wannan kariya ne ta hanyar kamuwa sau da yawa tun yana ƙarami, a shekarun da wasu sa'o'insa ba su tsallake ba. Ƙaninsa ɗan shekara biyu bai tara komai ba tukuna, don haka idan gidan sauro ɗaya ne a ɗakin, shi ya fi cancanta ya kwana a ciki.